Fartanya a Gindin Wardi

"Lafiya lau, amarya. Amma yau da fartanya aka zo gaida miji? Kabarina za ki haƙa?"

"Wa zai ɓata ƙarfinsa? Kai ai ko iska ta taso ta gama da kai. Wardin nan na zo tonewa."

Ina bakin famfo ina ɗauraye kwanuka nake jin su. Baba ne, mahaifina, da jikarsa, 'yar yayana da ke aikin jinya. In suka haɗu sai dai a toshe kunne. Ita ta kawo masa dashen wardin bara, irin mai yin kurmi ya fitar da fure gungu-gungu, mai lambun ya rantse mata ƙamshinsa na almiski ne. Tun ranar Baba ya tare a gindinsa. Shi ne ban ruwa, shi ne zuba taki, shi ne bin awakin maƙwabta da sanda. Ni da nake 'yarsa ban taɓa samun rabin wannan gata ba, kuma na faɗa masa. To da furen ya fito, sai ya riƙa ƙonewa yana zubewa. Shi ne yau ta zo don ta tumɓuke shi ta mayar wa mai lambu.

"Ki taɓa shi ki gani," in ji Baba. "Yau aurenki ya mutu."

"Alhamdu lillahi! Dama na gaji da miji mai haƙori uku."

"Huɗu ne, marar kunya. Ɗayan yana can ciki yana hutawa."

"Dubi furen nan don Allah, kamar an soya shi."

"Rana ce."

"Rana ta tsallake duk shuke-shuken unguwa ta zo kan naka?"

"Ta san gidan manya."

Ta sunkuya za ta sa fartanya, sai ta tsaya cak. Ta kai hanci jikin wani fure, ta ɗago, ta sake kaiwa.

"Kaka, wannan ai ƙamshin rigarka ne."

"Kullum muna tare, dole ya ɗauko halina."

"Halinka ko turarenka? Ga maiƙo nan har a ganye! Mene ne wannan ya yi tudu a aljihunka?"

"Sadakin wadda za ta gaje ki."

Ba ta kula shi ba. Ta naɗe hannun riga ta kutsa ta bayan kurmin, can jikin katanga inda ƙaya ta yi yawa, inda hannun Baba ba ya kaiwa. Ta jawo wani reshe ta karyo shi, furensa fari tas, ko tabo babu.

"La ilaha! Goggo, zo ki ji!"

Na je da kumfa a hannu. Wallahi sai da na lumshe ido.

"Kaka," ta ce, "me ka yi wa na gaban?"

Baba ya sosa ƙeya, ya dubi katanga kamar ita ta yi tambayar.

"Da ya buɗe na sunsuna, ban ji komai ba. Na ce an cuci yarinyar nan, ta ɗauko shi tun daga nesa a kan cinya. Kar ta zo ta ji kunya. Shi ne nake ɗan taimaka masa da safe."

Sai lokacin na tuna ranar da tukunyata ta ƙone ƙurmus, yana zaune bakin kicin bai ce uffan ba, ni kuma na yi ta mita wai mugunta ce. Tausayinsa ya kama ni.

Ta kara masa reshen a fuska. "Shaƙa da ƙarfi."

Ya shaƙa har hularsa ta motsa. Sai ya fashe da dariya.

"Ashe hancin ne ya yi ritaya bai sanar da ni ba."

"Hanci kamar bakin buta, ashe ado ne!"

"Da shi na sace zuciyar kakarki."

"Allah sarki, ita kuma idon ne ya yi mata ritaya."

Ya zaro kwalbar turarensa daga aljihu ya miƙa mata. "Ungo, kin yi nasara. Na mayar da ke ɗakinki, ajiye fartanyar."

"Turaren da ya kashe fure zan shafa?" Amma ta karɓe, ta jefa a jaka.

Baba ya matsa mata a kan benci. "To zauna ki faɗa min. Yaya yake? Ban da ƙarya irin taku ta 'yan asibiti, ku ce allura ba zafi."

Ta zauna, reshen yana hannunta. Muryarta ta sauka.

"Kamar zuma ne, Kaka, da ɗan kanumfari a ƙarshe. Ba ya dukan hanci, biyo mutum yake yi. In ka daina yi masa wanka, har titi zai kai."

"Har titi?"

"Har titi."

Baba ya gyara zaman hula, ya ɗaga murya yadda za a ji ta bayan katanga.

"To duk wanda ya ji ya tambaya, ku ce ni na raine shi!"