Ranar da Na Fidda Habu Daga Makarantar Gwamnati

Ni fa in na ƙudurta abu, ko kwastan na boda ba su tare ni. Na rantse ɗana Habu ya gama zaman furamaren gwamnati, makarantar kuɗi za shi, mai fenti da mai gadi.

Ranar ɗauke shi har babbar riga na sa. Na iske malaminsu, Malam Isa, gaban allo. Na ce, "Malam, a gahwarce ni, ƙwaƙwalwar yaron ga ta hi ƙarhin koyarwarka. Wurin ƙwararru zan kai shi."

Ya kakkaɓe alli, ya ce, "To Alhaji, Allah shi ba da sa'a."

Na zaga kasuwar Illela kaf ina shela.

A sabuwar makaranta aka ce ajinsu na yamma ne. Na riƙe hannun Habu muka shiga, ina taku kamar gwamna. Wa zan gani? Malam Isa, ya ɗaura nektai! Ashe in ya tashi can, nan yake zuwa ƙarin aiki.

Ya dube ni, ya ce, "Alhaji, mi ya hwaru? Ba a samu ƙwararrun ba?"

Habu ya ruga ya gaishe shi. Ni ko na kafe, na ce ai da nektai karatu ya fi shiga, yaro ba ya komawa.

Har yau in na ratsa kasuwa sai masu shago sun ɗaga murya: "A ba shi hanya, ga mai sayen ruwa bakin tafkin Kalmalo!"