Rasuwar Gagarau, Injin Matsar Gyaɗa na Unguwar Zariya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da har yanzu ke warin gazuwal, wato man dizal, Alhaji Alkasim Mai Man Gyaɗa na unguwar Zariya a Maradi yana sanar da 'yan uwa da abokan ciniki rasuwar injinsa, Gagarau. Allah Shi ya bayar, amma a wannan karon, a faɗi gaskiya, ba Shi kaɗai ya karɓa ba.

Marigayin ya shigo Maradi a bayan kamiyo, babbar motar kaya, tun Alhaji bai fara furfura ba. Mai haƙuri ne. An shayar da shi gazuwal mai ruwa ya haɗiye, an ɗaure shi da waya ya yi shiru. In gari ya waye yakan yi tari, ƙuh, ƙuh, sannan ya kama tuk-tuk-tuk har la'asar. Aibinsa ɗaya, hayaƙi. Maƙwabciyarsu Rabi ta sha rantsuwa cewa ba ta taɓa kwashe farin zane daga igiya yana fari ba.

Bai yi jinya ba. Lafiyarsa lau wasu baƙi, mutanen furoje, wato shirin raya ƙasa, suka zo, suka bayyana wa Alhaji cewa a Turai an auna wa kowace masana'anta hayaƙinta, wadda ta wuce awo sai ta sayi hayaƙin da wani bai yi ba. Su hayaƙin da Gagarau zai daina yi suka zo saye, a madadinsa a kawo sabon inji mai shan hasken rana. Sharaɗi guda, tsohon ya mutu murus, kada a sayar wa wani ya ci gaba da turnuƙe duniya.

Ilyasu makanike ya roƙi Alhaji a jira sabon ya sauka tukuna. Alhaji ya ce shi da ake ɗora wa kaya har Katsina kan maganar baki, ba zai sa baƙi su ga kamar bai yarda da su ba. Ya ba su hannu. Da kansa ya ɗura wa Gagarau siminti a maƙogwaro, ana ɗaukar hoto, Ilyasu ya juya baya. Sautin injin na ƙarshe, tuk, sai shiru.

Sai rikicin tazarce ya tashi, baƙin suka naɗe kayansu. An ce sabon injin yana hanya. Wace hanya, ba wanda ya sani, kuma Alhaji bai ma san wanda zai tambaya ba.

Marigayin ya bar matan Tsibiri masu ɓarar gyaɗa, da manoman Jiratawa da ke kiwata shanunsu da tunkuzarsa, da Ilyasu wanda yanzu facin taya yake yi. Ya kuma bar Rabi, wadda ɗanta Abdu ke cika jarkoki a wurin. Yau yana zaune gida, kuma ita ta fi kowa kuka.

Za a karɓi gaisuwa a ƙofar masana'anta bayan la'asar. Ana roƙon jama'a kada kowa ya zo da buhun gyaɗa, abin yana taɓa zuciyar Alhaji.

Jana'iza kuwa an ɗage ta. Maƙera sun nemi gawar, an hana su, domin baƙin sun ce kada a motsa ta sai masu bincikensu sun zo sun shaida. Saboda haka kullum Alhaji yakan goge Gagarau da tsumma, ya rufe shi da leda saboda ruwan sama, don in sun dawo su tarar ya mutu yadda suke so.