Albashin da Ya Tafi Assamakka

"Shi ya sa nake gaya muku, kuɗin kamfani wuta ne," in ji Mushe Zakariya'u, yana shafa makullin da ke rataye a wuyansa. "Ni ko dala ban taɓa ci ba."

Dodo bakanike ya gyaɗa kai, kamar kullum. Ai gaskiya ne. Duk Arlit babu ma'aji irin wannan, shi ya sa a kamfanin jigilar da suke aiki ake kiransa Mushe Amana, wato Malam Amana da Faransanci. Tun da kasuwar uraniyum ta faɗi aka shiga sallamar ma'aikata, hannun kowa ya ƙara tsawo, ban da nasa. Shi ba ya cin kuɗi. Aikensu kawai yake yi.

In albashi ya iso daga Agadez da rakiyar soja, tausayi ba ya barin Mushe ya kulle shi a akwatin ƙarfe yana zaman banza. Sai ya tura shi Assamakka, kan iyakar Aljeriya, ya sayo taliya. In an sayar, kuɗin su koma akwati cif, ribar kuma ta wuce gidansa don kada ta gurɓata dukiyar kamfani. Kafin nan, duk wanda yunwa ta matsa, Mushe na ba shi taliya bashi. Su Dodo sun san da kuɗin wa aka sayo ta. Suna karɓa hannu biyu, har da addu'a.

Yau dai Dodo da magana ya zo. Hansai matarsa ta aiko daga Tasawa cewa ruwa ya sauka bayan dogon fari, ga shi irin shuka tuni aka cinye. In bai aika kuɗi satin nan ba, gonar ta kwana har baɗi. Ya faɗi haka a hankali, idonsa a ƙasa.

Mushe ya yi gyaran murya. Bai ambaci cewa 'yan tawaye sun tare hanyar kudu da ake kai taliyar kasuwa ba, balle cewa taliya ta cika masa ɗaki biyu, masu saye kuma duk albashi suke jira. Abin da ya ce shi ne ya daɗe yana nazarin yadda tsabar kuɗi ke lalata tarbiyyar ma'aikaci.

"Ƙanena, wannan watan zan kare ka daga almubazzaranci."

Aka fito wa Dodo da albashinsa a kwali, a farashin kanti, bayan an cire ta bashi. Ya yi niyyar tambaya ko ana shuka taliya a Tasawa. Ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana cewa, "Allah ya ƙara amana, Mushe."

"Amin. Ka duba min birkin motar Assamakka, albashin wata mai zuwa na hanya."

Dodo ya aza kwalin a ka, ya nufi gareji.