Yadda Za Ka Sayo Jirgin Ruwa Mai Dakon Jiragen Yaƙi Ba Ka Sa Hannu Ba

Sunana Girdhari Saxena. Shekara talatin da ɗaya na yi a wani ofishin sayen kayan yaƙi a Delhi, ko harsashi ban taɓa amincewa a saya ba, kuma na yi ritaya da lambar yabo. Tunda fayil ɗin jirgin ya faɗo teburinka, bi matakan nan. Na yi maka alkawari za ka ci fanshonka lafiya lau, ba mai kiranka gaban masu bincike.

1. Tura shi sama

Wanda ya sa hannu, shi ake nema bayan shekara goma. Rubuta "a duba" da koren biro, ka ɗaure fayil da igiyarsa, ka aika bene na uku. Su ma ba yara ba ne, za su aika na biyar.

2. Nemi gwanjo

Idan wata ƙasa ta ce za ta ba da tsohon jirginta kyauta, gyara kawai za a biya, ka yaba da zumunci. Gyaran zai ci kuɗin sababbi biyu, amma kafin nan an canza maka ofis.

3. Kafa kwamiti biyu

Ɗaya ya sayi jirgin ruwa, ɗaya ya sayi jiragen saman da za su sauka a kansa. Kada su haɗu ko wajen shan shayi. Mu sai da aka gama ciniki muka gano fukafukan sun fi ƙofar da ake shigar da su cikin jirgin faɗi da taƙi ɗaya. A rage fiffike ne ko a faɗaɗa ƙofa? Kwamiti na uku ya yi shekara huɗu a kan wannan tambaya, mai samosan bakin get har gida ya gina.

4. Lallaɓa mai jira

Kowane fayil akwai wanda ya rataya ransa a kai. Nawa Kwamanda Cherian Kuruvilla ne, matuƙin jirgin sama, mutumin jihar Kerala. Shekara goma sha ɗaya yana sauka a kan siffar jirgin ruwa da aka zana da fenti a filin atisaye. Wata rana ya faɗo ofishina.

"Saxena-ji, likita ya ce idona ya fara rauni. Sau ɗaya tak nake so in sauka a kan teku kafin su hana ni tashi."

"Haba Kwamanda, zauna ka sha shayi mana. Fenti ai ba ya nutsewa. Madam ɗinka ma hankalinta ya fi kwanciya."

"Fayil ɗin fa?"

"Yana sama."

"Ga shi nan ƙarƙashin kofinka, ina hango lambarsa."

"Ka gani? Idonka garau, likitan ne bai san aikinsa ba."

Ya ba ni tausayi, ba zan ɓoye maka ba. Sai dai a lokacin saura mini wata goma sha huɗu in yi ritaya, fayil kuwa ya zauna ƙarƙashin kofin har na tafi.

5. Kada ka rasa biki

Ranar da jirgi ya iso, matar babban hafsa za ta fasa kwakwa a goshin jirgin, a rataya furanni. Kutsa gaba ka shiga hoto. Abu ɗaya kawai: kada ka waiwaya wajen 'yan kallo. Ni na waiwaya, sai ga Cherian bayan igiya, cikin kayan gida da tabarau mai kauri, yana kallon wani ɗalibinsa yana sauka a kan jirgin.

"Saxena-ji," ya ce, "da ka sa hannu ranar nan, da wata nawa jirgin zai riga yau zuwa?"

"Goma sha huɗu, ina jin."

"Wata biyar ke nan da suka sauke ni."

Ya sara mini kamar yadda ake sara wa manya, ya juya.

Gargaɗi

Duk abin da ya biyo baya, na jirgi ne, na teku ne, ko na zuciyarka, babu ruwana. Shawara ka nema na ba ka. In kuma wani mai tabarau ya tambaye ka gidana, ka ce na tashi, ba ka san inda na koma ba.