Matuƙiyar Da Aka Bari A Sama

"Sannu da kwanciya, angona mai ido ɗaya," in ji 'yata tun daga bakin ƙofa.

"Yauwa, amaryar da ba ta iya zaɓe ba," Baba ya amsa daga kan gado.

Ni ina gefe riƙe da kwalbar maganin ɗigawa, na gaji har wuya. Wata biyu ke nan da aka cire wa mahaifina yanar idon dama. An sa ranar cire ta hagu, ya ce ba inda za shi, wai abin da ya gani a duniya ya ishe shi. Na lallasa, na yi faɗa, ko gezau.

Jikar tasa kuwa wani sabon littafi ta kawo, labarin jiragen da ke yawo tsakanin taurari, wai a zauren masu karatu na wayarta kowa shi yake yabo. Kullum ta dawo daga makaranta sai ta karanta masa babi biyu. Jiya suka gama.

Ya ce ta cuce shi. Shafi ɗari biyar, an bar matuƙiyar jirgin ba mai, iska ta kusa ƙarewa, tana kewaya wata duniya mai rana biyu, sai aka ce a tari littafi na gaba. Ya ce masu yabon nan ba su da tausayin tsoho. Ta ce wane tsoho, mutumin da munsharinsa ya fi injin jirgin ƙara? Ya ce ya sake ta, ta tattara ta koma can duniyar. Ta ce dama ta samu wani a can, kore shar, idonsa huɗu kuma duk suna aiki.

"Na biyun yaushe zai fito?"

"Baɗi. Lokacin na gama karatu na tafi aiki wani gari. Rubutun kuma ƙanana ne, mai ido ɗaya sai dai ya shinshina."

Baba ya daɗe yana shafa bangon littafin. Can ya juyo wajena.

"Ke, ranar da likitan nan ya ce, yaushe ce?"

"Laraba, Baba."

"A goge mini riga." Ya harari jikar da idon mai kyau. "Ba don ke ba, mummuna. Yarinyar mutane ce ba zan bari a sama ba."

Ta tuntsire da dariya, ta tura masa littafin ƙarƙashin matashi.

Ni da ya haifa na yi wata biyu ina roƙo a banza, sai ga matar da ba a taɓa haifa ba ta tashe shi. Na ce ya buɗe idon in ɗiga.