Bijiman Baffa Atu da Sifilin da Kuka Ba 'Yata

Zuwa ga Mai Girma Babban Mai Jan Biro, Ofishin Duba Takardun Jarrabawar Share Fage.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta talaka ga manya, da fatan biron Yallaɓai bai ƙare ba, don na ga yadda aka wahalar da shi a takardar 'yata Ruwaida.

Ni manomi ne a Fakku, ban taɓa zama a aji ba. Ruwaida ce ta fara kaiwa ajin ƙarshe na sakandare a gidanmu, kuma aikin jinya take so. Wanda ya faɗi wannan jarrabawa ba ya shiga jerin masu zana ta ƙarshe, jerin kuma ranar Alhamis za a rufe shi. Ga kokena:

1. Kun tambaye ta ilektironegatibiti, kalmar da ta fi hanyar Kebbe tsawo da gargada. Ta amsa cewa ƙarfi ne da wani sinadari yake da shi na janye ilektiron ɗin da aka haɗa tarayya zuwa ɓangarensa. Yallaɓai, ƙarya ta yi?

2. Kun ce ta kawo misali, ta kawo. Ni da yayana Atu muna huɗa da bijimai biyu, kowa ya kawo ɗaya. A baki namu ne mu biyu, amma kwana shida cikin bakwai a gidan Atu suke, saboda ya fi ni murya. Ta rubuta cewa haka oksijin yake yi wa haidirojin cikin ruwa. Ta ƙara da cewa ranar da Atu ya riƙe bijimina gaba ɗaya, mun zama gishiri, don kuwa haka kulorin yake ƙwace ilektiron ɗin sodiyam a cikin gishiri. Malam Ubaidullahi, malaminsu da ke zuwa daga Tambuwal a kan babur in hanya ta yarda, ya karanta ya ce babu kuskure ko ɗaya.

3. Ku kuwa kuka ja layi tun daga sama har ƙasa, kuka rubuta da Turanci cewa wannan ba darasin noma ba ne, kuka ba ta sifili. Wane misali kuke so? Yarinyar ba ta taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, a allo kawai aka zana mata ita. Bijimi kuwa ta san shi, ta san Atu.

4. Labari ya kai wa Atu cewa sunansa ya shiga ofishin gwamnati. Yanzu ko gaisuwata ba ya amsawa, gonata kuma tana nan ba huɗa. Wannan na yafe muku.

Abin da ban yafe ba shi ne wannan: tun da takardar ta dawo, Ruwaida ta ɗaure littattafanta ta tura ƙarƙashin gado, tana cewa ita daƙiƙiya ce. Wallahi abin yana ci mini rai. Yarinyar da ta zaunar da ni, mai furfura, har na gane abin da ke cikin ruwan da nake sha shekara sittin!

Ina roƙon Yallaɓai, cikin ladabi, ya sake duba takardar kafin Alhamis. In ta yi kuskure, a nuna mana layin, ni da kaina zan ba ta haƙuri. In kuwa babu, to ku zo Fakku ku faɗa mata da bakinku cewa ta iya, don ni na faɗa har na gaji, ta ce ai ni ubanta ne.

Naka mai biyayya, hula a hannu, gwiwa a ƙasa,

Ɗangiwa Manomi,
Fakku, Ƙaramar Hukumar Kebbe.