Filin Da Na Gano A Bakin Teku

Da na samu aikin tsara gari a wani ƙaramin birni na bakin teku can Kudu, inda masu yawon buɗe ido ke tururuwa, sai da na bi unguwarmu Fagge gida-gida ina bankwana kamar maniyyaci. Ban taɓa ganin teku ba, amma ina ruwana? Wanda ya tashi cikin cunkoson Fagge da Sabon Gari ai ya san darajar fili.

Washegarin isata na fita zagaye da safe, sai ga makeken fili a bakin ruwa, ko rumfa ɗaya babu. Na ce a raina, lallai mutanen nan barci suke yi. Nan take na sa aka kafa turaku: nan shaguna, nan wurin ajiye motoci. Da la'asar na jawo shugaban ofishinmu da 'yan kwamitin tsara gari su zo su ga basira.

Muka iso, babu fili. Ruwa ya shanye komai, sai kan turke ɗaya ke leƙe.

"Ina filin?" in ji shugaba.

Na ce, "Wallahi, ranka ya daɗe, da safe a nan na bar shi."

Wani ɗan kwamiti har zama ya yi kan yashi don dariya. Ashe kullum haka teku yake yi, ya ja baya ya dawo.

Kafin in zo hutu, labari ya riga ni ta bakin Alhaja maƙwabciyarmu mai saro kifi can. Yanzu duk ranar da ruwan sama ya cika layinmu, sai abokai su ƙwala min kira: "Injiniya, fito da turaku, an samu fili!"